Ƙafar tebur ba da inji ba

Ƙafafun tebur iri biyu ne. Akwai masu kusurwa huɗu. Akwai kuma mulmulallu, masu kauri a sama, suna sirancewa har ƙasa kamar karas. A manyan garuruwa irin su Yamai, Maraɗi da Damagaram, da inji ake yin mulmulallun. Injin yana juya katako da sauri, kafinta ya kanga masa ƙarfe mai kaifi, nan da nan ƙafa ta fito sumul. Amma inji yana da tsada, kuma yana son lantarki.

A wani ƙauye na ƙasar Tasawa akwai wani kafinta wanda ba shi da inji. Kayan aikinsa ba su da yawa: zarto, guduma, ma'auni, magagari, da rabo, wato abin da ake fere katako da shi. Ɗan ƙanwarsa, wanda ke aji biyar, yakan zo taya shi aiki ranar da babu makaranta.

Wata rana wata mata ta zo. Za ta aurar da ɗiyarta, tana son ɗan tebur na ɗakin amarya. Ta ce:

— Malam, mai mulmulallun ƙafafu nake so, irin wanda na gani a Maraɗi. In ba ka iyawa, ka faɗa mini tun yanzu, in aika can.

Kafinta ya ce ta dawo bayan kwana bakwai.

Da ta tafi, yaron ya dubi katakon da ke jingine da bango. Guda ɗaya ne, busasshe, daga nesa aka kawo shi a mota. Ƙafa huɗu kawai zai ba da. In ɗaya ta ɓaci, babu na sakewa. Ya ce:

— Kawu, yaya za mu yi, ga shi ba mu da inji?

— Ɗauko ma'auni da fensir, in ji kafinta. Da su za mu fara.

Suka yanka katakon gida huɗu. Kowane yanki tsawonsa santimita 60, kowane gefe nasa milimita 48. Kafinta ya auna santimita 10 daga sama, ya ja layi. Wannan wuri ba za a taɓa shi ba, da kusurwoyinsa huɗu zai zauna, domin nan ne za a haɗa ƙafa da jikin tebur. Mahaɗa tana son kauri da gefe miƙaƙƙe. Saura santimita 50, su ne za a mulmula.

Aiki na farko shi ne sirantawa. Ana son ƙasan ƙafa ya zama milimita 24, wato rabin kaurin sama. Yaron ya yi lissafi: a fid da 24 daga 48, saura 24, a raba biyu, 12. Ke nan kowane gefe zai rasa milimita 12 a ƙasa, a sama kuwa ba ya rasa kome. Suka ja layi miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa. Kafinta ya fere gefe biyu masu duban juna, ya sake jan layi, ya fere sauran biyun. Kullum daga wajen kauri yake tura rabo zuwa wajen siranta. In aka tura shi daga ƙasa zuwa sama, bakin ƙarfe yana shiga ƙarƙashin jijiyar itace, ya ɓamɓare ta.

Bai gama ƙafa ɗaya sannan ya kama wata ba. Sai da ya siranta dukan huɗun, ya jera su, ya ga sun yi daidai, sannan ya wuce gaba. Haka ya yi a kowane mataki, don kada ƴan gida ɗaya su fito da kama dabam-dabam.

Aiki na biyu shi ne mai da gefe huɗu su zama takwas. Kafinta ya ce:

— Maigidana da ya koya mini aiki ya ba ni lambobi uku: 7, 10, 7. Ka raba faɗin gefe kashi 24. Kashi 7 na kusurwar dama ne, kashi 7 na kusurwar hagu, kashi 10 na tsakiya su ne za su zauna.

Yaron ya tara 7 da 10 da 7, ya samu 24. A nan ya gane dalilin da ya sa kawunsa ya zaɓi milimita 24 da 48. A ƙasa, lambobin suna nan yadda suke: 7, 10, 7. A sama, sai a riɓanya su: 14, 20, 14. Ya ɗiga alama a sama da ƙasa, ya haɗa su da layi. Kowane gefe ya samu layi biyu.

Kafinta ya kafa guntayen katako biyu bisa teburin aiki, ya bar kwari a tsakaninsu, ya sa wani guntu ya tare gaba. Ya kwantar da ƙafar cikin kwarin, kusurwa ɗaya tana duban sama. Ya fere kusurwar har rabo ya zo bakin layi, ya tsaya. Ya juya, ya fere ta biyu, da ta uku, da ta huɗu. Ƙafa ta koma mai gefe takwas, duk faɗinsu ɗaya.

Wannan dabara ba a ƙasar Tasawa kaɗai aka san ta ba. Masu ƙera jiragen ruwa na itace a Turai, da waɗannan lambobi uku suke mulmula dogon gungumen da ake ɗaura wa tufar da iska ke turawa. Da hannu suke bin gungumen.

Aiki na uku shi ne mai da takwas su zama 16. A nan ba a jan layi, ƙirga ake yi. Kafinta ya rage bakin rabo yadda zai ɗebo kaɗan-kaɗan, ya bi kowace kusurwa sau uku. Ya miƙa wa yaron rabo, ya ce ya gwada. Yaron ya yi uku, ya ji daɗi, ya ɗaga hannu zai ƙara. Kafinta ya riƙe masa hannu:

— Tsaya, ɗana. Abin da rabo ya ci ba ya komowa. In ka ba wannan kusurwa biyar, sauran uku-uku, ƙafa za ta fito da kumatu ɗaya a lotse.

Daga gefe 16 zuwa da'ira, tafiyar ba ta da nisa. Kafinta ya daidaita wurin da mulmulallen jiki ya gamu da mai kusurwa da magagari. Ya ɗauki ɓallin kwalba, ya kankare sauran kusurwoyin a hankali. Sannan ya yago takardar goge katako doguwa, ya rataya ta bisa ƙafar, ya kama bakinta biyu yana ja dama da hagu, kamar mai goge takalmi. Daga ƙarshe ya goge ta a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, don ya ɓatar da zanen da takardar ta bari.

Saura gwaji. Yaron ya zana da'ira cikin kwali, faɗinta milimita 36, ya huda ta. Ya zura ƙafa ta farko daga ƙasa, kwalin ya hau, ya tsaya daidai tsakiyar wurin da aka mulmula. A sauran ukun ma nan ya tsaya. Ya tuna darasin da'ira, ya riɓanya 24 da 3,14, ya samu 75 da ɗan ɗori. Ya naɗa zare a ƙasan ƙafa, ya auna shi: milimita 75.

Aikin da inji ke yi cikin ɗan lokaci ya ci musu kwana uku. Sannu ba ta hana zuwa. A rana ta bakwai tebur ya shiga cikin kayan amarya, katako bai ɓaci ba, kuɗin aiki kuma ya tsaya a ƙauye.

Duk ɗan makarantar da ke son ya ga wannan da idonsa, ba sai ya nemi katako ba. Ya samu rogo ko sabulu, ya yanka shi mai gefe huɗu, kowane gefe milimita 24. Ya ɗiga 7, 10, 7, ya ja layi, ya fere kusurwoyi a gaban malam. Daga huɗu zai samu takwas, daga takwas 16, har ya ji babu sauran kusurwa ƙarƙashin yatsansa.

Tambayoyi

1. Don me kafinta ya bar santimita 10 na sama da kusurwoyinsu?
2. Daga wane waje ake tura rabo, kuma don me?
3. In faɗin gefe milimita 72 ne, waɗanne lambobi uku za a ɗiga?