Letrozole da kitsen jini: abin da na koya wajen jinyar Inna

'Yan uwa mata, musamman masu raka iyayenmu asibiti, akwai takarda ɗaya da ba ma kula da ita idan an gama tiyatar sankarar mama. Hankalinmu yana kan hoton ƙirji da ranar ganin likita, takardar gwajin kolesterol kuwa sai mu naɗe ta mu jefa jaka. Alhali maganin da ake sha kullum na shekara 5 zuwa 10 yana taɓa wannan lamba.

Yawancin sankarar mama da sinadarin istrojen take girma. Idan mace ta daina al'ada, jikinta bai daina yin sa gaba ɗaya ba, kitsen jiki na ci gaba da samar da kaɗan ta hanyar wani sinadari mai suna aromatase. Letrozole da anastrozole da exemestane shi suke toshewa, har istrojen ya kusa ƙarewa. Tamoxifen dabam yake: a mama yana tare wa istrojen hanya, amma a hanta sai ya yi aiki irin nasa, ya sauke LDL, wato mugun kolesterol mai liƙe wa jijiyoyin jini.

Innata, ƙanwar mahaifiyarmu da nake zaune da ita a nan Legas, ta sha tamoxifen shekara biyu kafin a mayar da ita kan letrozole. Wata shida bayan canjin, kolesterol ɗinta ya haura 200 mg/dL, iyakar da ake so a tsaya ƙasa da ita. Ta ce min, "Ke 'yar nan, wannan sabuwar ƙwayar ce. Je ki kemis ki sayo min tsohuwar." Wata maƙwabciya ma ta ba ta shawarar ta ajiye duka ta koma jiƙe-jiƙe.

Na ƙi. Ta yini ba ta yi min magana ba.

Inna tana da 'yar gaskiya. A babban binciken ATAC, wanda ya haɗa mata fiye da 9,000, hauhawar kolesterol ta samu kashi 9 cikin ɗari na masu shan anastrozole, masu tamoxifen kuwa kashi 3.5. Sai dai da tamoxifen aka auna shi, shi kuwa dama saukewa yake yi. A binciken MA.17 da aka gwada letrozole da ƙwayar da ba magani a cikinta, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Kenan yawancin hawan da muka gani a takardar Inna rumfar da tamoxifen ya yi mata ce aka janye, ga shekaru, ga daina al'ada wadda ita kaɗai tana ɗaga LDL.

Kuma tamoxifen ba kyauta yake wannan alherin ba. Yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya da sankarar mahaifa, yana iya ɗaga wani kitsen jinin da ake kira triglyceride. Ga macen da ta daina al'ada, su letrozole sun fi shi hana ciwon dawowa, ko da yake suna raunana ƙashi da sa ciwon gaɓoɓi. A ganina ba a musanya kariya daga sankara da lambar da ake iya saukewa ta wata hanya.

Abin da ya ɓata min rai, babu wanda ya yi mata gwajin kitsen jini kafin canjin, kuma asibitin sankara da na hawan jininta kowa takardarsa yake dubawa. Ni ce na ɗauki fayil ɗin nan na kai can. Likitan hawan jini ya ɗora ta kan atorvastatin, letrozole bai motsa ba.

A gida muka rage man shanu da kayan ciki, tsire ya koma na ranar Juma'a kaɗai, wake da kifi suka ƙaru. Kullum bayan la'asar muna zaga layinmu na rabin awa, tana tafe tana mitar gwiwa. Duk mai shirin fara ɗaya daga cikin magungunan nan, ta nemi a yi mata gwajin tun kafin ƙwayar farko, ta tambayi ɗakin gwaji ko sai ta zo ba ta karya ba, ta kuma adana takardar don a kwatanta da ta gaba.