Rige-rige da Cirko-cirko

A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, kwamfutata ta tsiro da wata ɗabi'a. Ɗan yayata ya rubuta mini 'yar manhaja mai zana hoton sautin hirarrakin da na naɗa da masunta a bakin Binuwai. Wani lokaci ta yi aiki lafiya lau, wani lokaci allon ya sandare. Ga shi saura mako guda in gabatar da maƙala a Ngaundere.

Yaron ya zargi direban katin hoto. Ya sauko da tushen Mesa, wadda Brian Paul ya soma a 1993, ya kwana yana harhaɗa ta domin ya leƙa cikinta. Sunan ya ba ni dariya, don mesar da na sani akuya take haɗiyewa.

Da asuba ya ce, "Kawu, laifina ne." Manhajarsa zare biyu gare ta, ɗaya na karanta sauti, ɗaya na zane, kuma dukansu suna kai hannu gurbi ɗaya a ma'adana, babu mai jiran wani. Da Faransanci ya yi bayanin. Na ce ai wannan rige-rige ne.

Ya sa makullai biyu, abin ya ƙara dagulewa: kowane zare ya riƙe ɗaya, yana jiran na ɗan'uwansa. An yi cirko-cirko ke nan, kamar zakaru biyu. Ku lura, kalmomin biyu duk ninki ne, kuma mutum ɗaya ba ya yin ko ɗayansu.

Sai ranar Laraba ya gano cewa dole a riƙa ɗaukar makullan bi da bi. Alhamis na kama hanya.