Darasin da na koya wajen sa gasket ɗin manifol a tsohuwar Land Rover

Jama'a, yau ba maganar waya zan yi muku ba, ta mota ce. Kawuna na da tsohuwar Land Rover Series 3, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1971 da 1985, mai injin fetur lita 2.25. Da ita yake ɗaukar masara a hanyoyin Gembu, kuma da ita yake ci da gida.

Kwanaki ya fara kukan ciwon kai duk ranar da ya yi doguwar tafiya. Da safe in an tada motar sai ka ji tik-tik-tik, in ta yi zafi ƙarar ta ragu. Da na leƙa, sai ga baƙin hayaƙi ya manne a inda manifol ɗin salansa ya haɗu da kan inji. Gasket ya ƙone, hayaƙi na shigowa ciki. Kada ka raina wannan, domin gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, kuma tana kisa.

Na ce, "Kawu, bar min, ai wanda ke kwance waya ba zai kasa wannan ba." Na sayo gasket mai araha, na lafta masa gam, na ɗaure notin farko tamau sannan na bi sauran. Ko sati ba a yi ba ƙarar ta dawo, sulo ma ya lalace. Kawu ya rasa lodin ranar kasuwa saboda gaggawata.

Wani dattijon bakanike ne ya nuna min kurena. A wannan injin, manifol ɗin kafireta da na salansa gefe ɗaya suke, kuma a ɗaure suke da juna don zafin salansa ya riƙa ɗumama na kafireta. In ba ka sassauta mahaɗin nan ba, ɗaya zai kwanta a jikin inji, ɗayan ya bar kafa. Ta nan iska ke kutsawa ta ɓata sulo.

To ga yadda muka sake aikin, ko zai amfane ka. Wajen saye, tafi da tsohon gasket ɗin ka gwada ramuka, ka tabbatar na injinka ne, ka zaɓi mai jure wuta. Tun daren jiya ka fesa wa notuna man sassauta tsatsa, don in ƙusa ta karye a cikin kan inji ka shiga uku. Kankare tsohon gasket tas, ka ɗora rula ta ƙarfe a fuskar manifol. In ka hango haske ta ƙasa, ya lanƙwashe, sai an kai an goge shi. Ka manta da gam ɗin banza, zafin wurin zai cinye shi. Ɗaure notuna kaɗan-kaɗan daga tsakiya zuwa gefe, sannan ka ɗaure mahaɗin manifol biyun. In inji ya yi zafi ya huce, ka sake bin su da sifana.

Abin kunyar shi ne kullum nake gaya wa yaran shagona kada su manna sikirin kan tsohon gam, sai ga shi ni na yi. Yanzu dai motar na hawa tsauni lafiya, ciwon kan Kawu ya tafi. In ka ji irin wannan ƙarar a taka, don Allah kada ka jira.