Hannu a Goshi, Hannu a Ƙafa

In yaro ba shi da lafiya, hannun uwa goshi yake nufa. Ta ji zafi, a aika kemis a sayo farasitamol. Zafi ya sauka, sai hamdala. Amma ku lura da nas ɗin da ta daɗe a ɗakin yara: ƙafa take fara kamawa. Sai ta danna farcen babban yatsa har ya yi fari, ta saki, tana ƙirgawa a ranta. Farcen mai lafiya nan take yake komawa ja. In ya wuce daƙiƙa 3, ga hannu sanyi ƙalau, ga bugun jijiya da sauri amma da ƙyar ake jin sa, to alamomin nan 3 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ɗauke su a matsayin gaggawa. Wannan yaro ba ya bin layi.

Abin da ke faruwa shi ne jini ya daina isa ko'ina. Ko gudawa da amai sun kwashe ruwan jiki, ko kuwa ƙwayar cuta daga huhu, ko sanƙarau, ko cibiyar jariri ta tayar da kumburi a jiki duka, jijiyoyi suka saki suna yoyo. Sai jiki ya janye jinin daga hannu da ƙafa ya tara wa zuciya da ƙwaƙwalwa. Yara kuwa sun iya wannan dabarar har ta zama illa: na'urar awon jini na iya nuna lafiya lau har sai abu ya yi nisa.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun. Yaron da ya kwana yana tsala ihu, da safe ya yi lamo, sai ka ji kaka na cewa, “Ku bar shi, barci ya samu.” A taɓa shi mana. Ya farka ya dube ki? Ya kama nono? Ƙunzugu ya jiƙe tun jiya? A ɗaga riga a ƙirga numfashi minti guda: 60 ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 daga nan zuwa shekara, 40 har shekara 5, duk sun yi yawa. Jariri ma sau da yawa ba ya zazzaɓin, sanyi jikinsa yake yi.

Da hunturu kowane yaro ƙafarsa sanyi gare ta, wannan kaɗai ba komai ba ne. In ya haɗu da langaɓewa da ƙin nono, kada a tsaya yi masa ɗuren koko, shaƙewa zai yi. A lulluɓe shi a nemi abin hawa zuwa asibiti, ko da tsakar dare ne.