Godiya ga Malamina na Lissafi

 

Daga Darna Sabon Gari nake rubuto muku. An karɓi kundin digirina na biyu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma babi na uku, wanda ya fi ba ni wuya, shi aka fi yabawa. Wannan babin da hannunku a ciki.

Mai koyarwa a bakin iyaka irina, samun takardun bincike ma aiki ne. A nan waya takan sulale ta kama layin Nijar, kuɗin kati ya ƙare kafin shafi ɗaya ya buɗe. Ku kuka buga takardun a Sakkwato da kuɗinku, kuka ba direban motar Illela ya kawo mini. Kowane gefen shafi cike da jan biro, har da inda kuka gyara wa mai bugawa alamar da ya tsallake.

Amma babban abin da kuka yi mini shi ne hana ni gaggawa. Na zo muku da sunan masanin lissafi Quillen a baki, kuka ce in ajiye shi tukuna, in ɗauko lambobi huɗu: 0, 1, 2, 3, ana tarawa, in an kai 4 a koma 0. Kuka ce in ba kowace cika sifili, kowace mara ɗaya. A kan rukunin gaba ɗaya wannan ma'auni yana da rai. Sai kuka ce in duba ƙaramin rukunin da ke cikinsa, wato 0 da 2. Duka cika ne, ma'aunin ya mutu. Nan na ga ajin ainihi da idona: aji ne a zoben kohomoloji wanda ba sifili ba ne, amma duk ƙaramin rukunin da aka saukar da shi a kai sai ya koma sifili. Kamar tufkar igiya, in ka warware ba ka samun ta a sili ko ɗaya.

Daga nan sauran suka zauna daram. Na fahimci dalilin da ba a samun irin wannan aji sai a rukunin da yawan 'ya'yansa ninkin firam ɗaya ne da kansa, kamar 4, 8 ko 27, domin ƙaramin rukunin Sylow yana riƙe da duk labarin. Sakamakon Quillen na 1971 ma ya daina ba ni tsoro: ban da rukunai mafi sauƙin gini, ajin ainihi in aka yi ta ninka shi da kansa sai ya ƙare a sifili.

Sai kuka haɗa ni da rukunai biyu masu 'ya'ya takwas-takwas, kuka ce ba kwamfuta, da hannu. Na juye-juyen murabba'i ba shi da ajin ainihi ko ɗaya. Na kwataniyon ɗin Hamilton kuwa yana da su a mataki na biyu da na uku. Sai da na gama wannan kuka ba ni takardar Adem da Karagueuzian ta 1997, na ga inda sharaɗinsu na samun ajin ainihi ya fito: a rukunin kwataniyon ɗa ɗaya ne tak mai oda biyu, wato -1, kuma yana jituwa da kowa wajen ninki.

Wasu malamai da sun tsaya a nan. Ku kuka ƙara mini da labarin hasashen Mui da Marx, cewa ban da rukunai mafi sauƙin gini, ninkin ajin ainihi biyu sifili ne kullum, da yadda David Green ya rushe shi a 2004 da rukuni mai 'ya'ya 64. A ganina shi ya fi komai daɗi a kundin, ko da yake shafi biyu kawai ya ci.

Yanzu 'yan ajin ƙarshe na sakandare da nake koyarwa suna yin lissafin lambobin nan huɗu a allo, wata yarinya ma ta tambaye ni abin da zai faru in an mai da su takwas.

Baba ya ce in isar muku da gaisuwarsa, in an cire albasa zai zo da kansa.  A gaishe mini da Hajiya da yara.

Ɗalibinku,
daga Darna Sabon Gari, Illela.