Ranar da Muka Nemi Usur da Biro

Mu shida muka ba da suna lokacin da malamin wasanni ya ce ɗalibai ne za su yi alƙalancin wasanmu da 'yan Ajingi. Mutum uku ake so: mai usur da masu tuta biyu. Ya ce biro ne zai raba gardama, tambaya 20 a kan dokokin ƙwallon ƙafa 17.

Mun shiga da taƙama, don ba ma fashin gidan kallo a garin Gaya. Tambaya ta uku ta sauke mana girman kai: ɗan wasa ya yi jifa, ƙwallo ta zarce cikin ragarsu ba wanda ya taɓa ta. An ci, ko a sake jifa, ko fenariti, ko kwana?

Ba wanda ya taɓa ganin haka a cikinmu. Da muka haɗu a gindin darbejiya daga baya, ashe mu huɗu da muka dace hanya ɗaya muka bi. Ba canki-canka muka yi ba, soke-soke muka yi. Fenariti hukuncin laifi ne, nan kuwa ba a yi wa kowa ƙeta ba, muka soke shi. Mai jifa bai taka doka ba, don me za a sake? Mun kuma tuna ba a cin ƙwallo kai tsaye daga jifa. Saura kwana, kuma ta zauna daidai, tunda mai gida ne ya fitar da ƙwallo ta layin gidansa.

Amsar da ke ɗauke da "ko da yaushe" ma mun yi mata kallon zargi. An ce duk wanda ya karɓi ƙwallo a bayan 'yan baya ya yi satar gida. Ina! Daga jifa fa, ko kwana, ko bugun gola?

Inda dabara ta ƙare mana shi ne mai tsaron gida da ya daɗe riƙe da ƙwallo. Mu biyar muka zaɓi bugun tazara ba ko tantama, abin da muka tashi muka tarar ke nan. Ashe tun 2025 an sauya: ya wuce daƙiƙa 8, kwana ce.

Wanda ya fi mu shiru, shi ya ji labarin sauyin a rediyon babansa. Shi aka miƙa wa usur. Mu biyu da muka fi kowa baki a gidan kallo muka ƙare da tuta a bakin layi, muna ta gudu cikin ƙura.