Tsohon mai buga mashin da kayan wasan ɗansa

Akwai wani dattijo a Maraɗi wanda ya yi shekara 30 yana buga mashin ɗin rubutu a biron gwamnati. Tun da ya aje aiki, da wata tsohuwar kwamfuta yake rubuta wa mutane takardun neman aiki da na kwangila, yana cike giɓin kuɗin fansho. Da dare kuwa kwamfutar ta ɗansa ce, ɗan lise, wanda ya ƙware a Counter-Strike, wasan harbi tsakanin ƙungiya biyu, kowace da mutum 5, wanda ya fara fitowa a 1999.

Ran nan yaron ya kawo masa jerin kaya uku: kilabiye, wato allon harufa, suri, wato linzamin da hannu ke ja, da tapi, shimfiɗar da linzamin ke yawo bisanta. Samarin unguwa sun shirya gasa, abokansa huɗu kuma da shi suka dogara. Dattijo ya ce: «Wasa ma har da kayan aiki?» Yaro ya ce: «Baba, a 2021 an yi gasar wasan Dota 2 a ƙasar Romaniya, kyautar ta haura dalar Amurka miliyan 40.» Miliyoyin ba su motsa dattijo ba. Abin da ya taɓa shi, wani dare ya tsaya bayan ɗan nasa, ya ga yatsun hagu bisa Z, Q, S da D suna aiki ba tare da ido ya dube su ba. Wannan hannu ya san shi, irin nasa ne. Washegari ya ɗauki ƴan kuɗin da ya aje don gyaran babur, suka nufi kasuwa.

A shagon farko yaro ya liƙe wa wani allo mai fitilu kala-kala. Uban ya duba, ya ga shigowar Kano ne, harufansa jerin Ingilishi, QWERTY, ba AZERTY na Faransanci da aka saba da shi a birorin Nijar ba. Ga mai wasa duk ɗaya ne, don inda wancan ke da W, A, S, D, nan wannan ke da Z, Q, S, D. Amma mai rubuta takardar Faransanci yana son ya ga é da ç a mazauninsu. Sai ya ce a jona allon, yaro ya danne maɓalli uku ya ƙara na huɗu. Na huɗun bai shiga ba. Dalili kuwa, allo mai araha maɓallansa tarayya suke a hanyar wuta, in an danne da yawa tare sai wani ya ɓace. Dattijo ya tuna yadda ƙarafan mashin ɗinsa ke sarƙewa in harafi biyu suka tashi tare, ya ce: «Elhaji, aje mana wannan. Ba girin-girin ba, ta yi mai.» Can ƙasan kanta suka samu wani na hannu, ba fitila, amma kowane maɓalli da makunninsa da ɗan sifirin nasa, irin waɗanda kamfanin Cherry na Jamus ke ƙerawa tun shekarun 1980. Ana iya cire kawunan maɓallan a hure ƙurar hunturu.

Da aka zo kan linzami, mai shago ya nuna kwali mai rubutun DPI 16000, wato yawan ɗigon da linzami ke ƙirgawa in an ja shi inci guda. Nan yaron ne ya koyar da uban. Ya ce manyan ƴan wasa da yawa tsakanin 400 da 1600 suke tsayawa, don hannu ya mallaki saiti. Abin dubawa shi ne sau nawa linzamin ke kai wa kwamfuta labari: na biro sau 125 a daƙiƙa, na wasa sau 1000. Sai nauyi, don na gasa a yau kusan giram 60 ne. Dattijo ya ƙara nasa: linzami takalmi ne, ba a sayensa a kwali. Yaro ya riƙa biyar, ya zaɓi mai waya wanda ya cika masa tafin hannu. Ga sauƙin kuɗi, ga shi ba ruwansa da batir.

Shimfiɗa ce yaron ya so ya bari don a rage kuɗi, uban ya ƙi. Ƙarƙashin linzami akwai ɗan ido mai ɗaukar hoton abin da yake bi sau dubbai a daƙiƙa, teburin gidan kuwa gilashi ke bisansa, mai ruɗa wannan ido. Suka ɗauki ta ƙyalle mai roba a ƙasa, santimita 45 bisa 40, wadda za ta ishi dantse ya miƙe. Ita ce mafi araha cikin ukun, kuma ba don ita ba da kuɗin linzamin sun tafi banza.

A gasar, ƙungiyar yaron ta faɗi a zagaye na biyu. Dattijo bai ce komi ba, sai dai ya tuna masa sharaɗinsu: ba wasa sai an rufe littafi, don jarrabawar bak tana tafe. Babur yana nan jingine har yanzu. Amma kullum da safe masu jiran takarda a zaure suna jin ƙarar bugu daga ɗaki, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ta mashin ɗin da ya baro a biro.